Sharhi a kan Ƙananan Na'urorin Gano Ƙwayoyin Gado

A shekarar 2000 masana a Jami'ar Basel da kamfanin IBM suka nuna cewa ɗan siririn harshen silikon yakan lanƙwasa idan silin ƙwayar gado ya gamu da abokin burminsa a kansa. Tun daga nan marubuta ke yabon kaifin jin wannan na'ura. To, amma a ganinmu yabon ya yi gaggawa, domin harshen da ke jin ƙwayar gado yana jin zafi da girgiza. Ko GeneXpert, mai gano tarin fuka cikin awa 2, ɗakin da bai wuce digiri 30 ba take so, alhali bazarar Dutse kan kai 40. Ke nan, sai na'urar ta shekara tana aiki a asibitin Jahun ko Kiyawa, sannan mu yaba.