«An ƙone Konni»: wa ya ƙone ta?

Ɗaliban sakandare na Konni, Malbaza da Illela sun saba da aikin gida na juya jimla, a darasin Ingilishi da na Faransanci: a ɗauko karɓau a kai shi gaba, a tura aikau baya ko a shafe shi. Galibi ana ɗaukar wannan a matsayin wasan nahawu kawai. Amma tarihin Birnin Konni ya isa ya nuna cewa lamarin ya wuce haka.

A watan Mayu na 1899, ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya afka wa garin, ya karkashe jama'a, ya cinna masa wuta. Hausa na da hanyoyi uku na ba da wannan labari. Za a iya cewa Voulet ya ƙone gari, ko an ƙone gari, ko kuma gari ya ƙone. Ta farko tana kama mai laifi. Ta biyu ta yarda akwai hannu, amma ta sakaya mai shi. Ta uku kuwa ta mai da kisan gilla tamkar gobarar hunturu. Duk ukun suna tayar da tausayi, sai dai ta farko kaɗai ke neman a yi hukunci.

A nan ƙarfin littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani (1932-1993) yake, wanda ya fito cikin Faransanci a 1980. Marubucin ya ambaci hafsoshin da sunayensu, ya ɗora musu nauyin aikinsu. Haka kuma ya fito da Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta yi wa ayarin turjiya a watan Afrilu na 1899, ya mai da ita mai aikatawa, alhali rahotannin ƴan mulkin mallaka a gurguje suka ambace ta. Fim ɗin da Med Hondo ya yi da labarin a 1986 ya bi wannan sawu, har ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Duk da haka, akwai abin dubawa. Don ya motsa zuciyar mai karatu, Mamani ya tara jarunta wuri ɗaya, har Sarauniya ta kusa rufe sauran waɗanda bala'in ya shafa. Mutanen Konni, da ƴan dakon da ayarin ya tilasta wa ɗaukar kaya, sun zama taron da ake yi wa abu, ba masu yi ba. Littafin ya tona wanda ya yi ta'asa, amma bai ba dukan waɗanda aka zalunta baki ba.

Saboda haka malamin da ya ba da aikin juya jimla yana da tambaya guda da ya kamata ya ƙara a ƙasan takarda: wa jimlar ta ɓoye, kuma wa ɓoyewar ta amfana? Ɗalibin da ya iya amsa ta ba zai yi kuka don marubuci ya so ya yi ba. Zai san dalilin kukansa.