Dokta, Farfesa ko Malam?

Kalma guda ta Turawa ta shigo Hausa ta ƙofa uku. Daga Ingilishi aka samo «likita», daga Faransanci mutanen Nijar suka samo «lokotoro», dukansu biyu sunan mai duba marasa lafiya ne. Ta ukun, wato «Dokta», ita ce ta zo da rigima, domin ana liƙa ta a takardun gayyata da sanarwar rediyo ba tare da an tantance mai ita ba.

Digirin dokta shaida ce cewa mutum ya yi bincike, ya rubuta kundi, ya kare shi gaban malaman jami'a. Saboda haka wurin ambatonsa shi ne inda ilimin zai yi aiki: lacca, taron ƙara wa juna sani, bangon littafi. A can ma ya kyautu a faɗi fannin, don kada masanin ilimin harsuna ya sami kansa ana nuna masa kumburin ƙafa. Amma a wajen ɗaurin aure ko zaman makoki, kundin bincike ba shi da abin cewa.

Akwai kuma digirin girmamawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata irinsa a 1988, kuma ba wanda ya ce bai cancanta ba. Sai dai kyauta ce, ba jarrabawa ba, kuma ba duk wanda aka sa wa wannan hula ne Shata ba. Mai rubutu ya bayyana cewa na girmamawa ne.

«Farfesa» ta fi ruɗarwa a Nijar, inda Faransanci ke kiran malamin kwaleji da na lise da wannan suna. A jami'a kuwa muƙami ne na ƙoli, wanda ake kaiwa ta tantancewar CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968. Abdou Moumouni, masanin makamashin rana wanda jami'ar Yamai ta ɗauki sunansa a 1992, farfesa ne ta wannan ma'ana ta jami'a. Mai fassara sanarwa daga Faransanci, in malamin sakandare ake nufi, «Malam» zai sa.

Wasu na ganin «Malam» ragi ne. Boubou Hama malamin makaranta ne da ya fito daga William Ponty, ya kuma ci babbar lambar adabin Afirka baƙar fata da littafinsa Kotia-Nima. Ƙungiyoyin al'adu na Maraɗi da Damagaram, kafin su kai takardar gayyata maɗaba'a, su tambayi baƙon nasu da wane suna yake son a kira shi.