Gobir Bayan Alƙalawa

Wanda ya karanta Infakul Maisuri na Muhammadu Bello zai ga yadda aka yi yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, da yadda Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. Littafi ne mai daraja, gama mai shi ya ga abin da ya rubuta da idonsa. Amma fa jagoran yaƙi ne ya rubuta shi, ya kuwa gama shi a 1812. Ba za a zarge shi don bai faɗi abin da bai auku ba tukuna.

Zargin yana wuyan na baya, waɗanda su ka kwafe shi su ka tsaya nan, sai ka ce Gobir ta ƙare ran da aka ci birninta. Ina! A 1836 Sarkin Gobir Ali ya gwabza da Bello a Gawakuke, ya mutu a can. Mayaƙi ya tattara sauran mutane ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Sa'an nan, a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa ya gina Sabon Birni da yardar Sakkwato.

Wannan na ƙarshe ya fi bukatar bincike, watau yadda Bagobiri ya koma tsaron iyakar Sakkwato daga Gobirawa. Littattafan makaranta layi ɗaya su kan ba shi. Yaron Kurawa ko na Isa sai ya je zauren kakansa kafin ya ji sauran.