Jinjina ga Masu Kwashe Bayanai Daga Excel

A rajistar jami'a, ɗalibi guda kan ɗauki kwasa-kwasai da yawa, kwas guda kuma na iya samun ɗaruruwan ɗalibai. A Excel, magatakarda kan cusa kwasa-kwasan ɗalibi duka cikin gida ɗaya, waƙafi na raba su. Rumbun bayanan manhajar intanet da za a mayar da rajistar cikinsa kuwa ba ya son wannan cakuɗa.

Sai masu shirya manhaja su zage damtse. Su ware teburin ɗalibai, su ware na kwasa-kwasai, su gina na uku a tsakani, kowane layi ɗalibi ɗaya da kwas ɗaya, bisa tsarin da Edgar Codd na IBM ya shimfiɗa a 1970. Su kuma bi lambar rajista su tantance ko "Muhd" shi ne "Muhammad".

Ranar fitar sakamako ba mai ambatonsu, alhali sun cancanci yabo.