Wai Mata Sai Soyayya, Maza Sai Faɗa? Da Sake!

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan fim ɗinmu, har ta zama kamar karatun da aka haddace. Da zarar ka tambayi furodusa me ya sa fim ɗinsa ya ƙare a soyayya da rawa da waƙa, sai ya gyara zama ya ce maka ai mata ne 'yan kallo, su kuwa mata abin da suke so ke nan. Maza fa? Sai ya ce su maza ba su da lokacin fim ɗin Hausa, in ba faɗa da harbe-harbe ba, to sai ƙwallo. Shi ke nan, an rufe babi.

Mai karatu, ni dai wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Ban ce babu bambanci tsakanin abin da maza ke so da abin da mata ke so ba. Akwai, kuma ba a nan kaɗai ba. A Amurka, ranar 21 ga Yuli, 2023, an saki finafinai biyu a tare, Barbie da Oppenheimer. Mata ne suka fi yawa a zauren na farko, maza suka fi yawa a na biyu. To amma a tamu ƙasar, kafin mu ce halitta ce ta raba mana kallo, ya kamata mu fara tambayar wa aka bari ya shiga ina.

Mu koma baya kaɗan. Sinimar Rex ta buɗe a Kano tun 1937, daga baya aka samu irin su Palace da Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado da Wapa. Su wa ke cika waɗannan gidaje? Maza. Matar aure tana kulle, budurwar da aka gani a ƙofar sinima kuwa sunanta ya ɓaci a unguwa. Wani bature mai bincike, Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano a shekarun 1990, ya yi bayanin wannan dalla-dalla a littafinsa Signal and Noise na 2008. To, su waɗannan maza da suka cika sinima, me suke kallo? Akwai na Amurka, akwai na Chana, amma wanda ya fi cika gida shi ne fim ɗin Indiya. Wato fim mai awa uku, da waƙa biyar ko shida, da saurayi yana bin budurwa cikin furanni, da uwa tana kuka. Iyayenmu maza da kawunnanmu ne suka haddace waƙoƙin nan, su ne suka ɗauko su suka kai gida. Har ƙungiyar 'yan bandiri aka yi a Kano, Ushaq'u Indiya, masu ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna yin begen Annabi (SAW) da shi. Su ma maza ne.

Amma akwai wani abin dariya a nan, wanda ya nuna yadda namiji ke ɓoye abin da yake so. 'Yan kallon Kano sun raɗa wa taurarin Indiya sunaye. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi. Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Shi kuma Rishi Kapoor sai aka sa masa suna Mace. Ka ji fa! Sun biya kuɗinsu sun kalle shi, ƙila ma fiye da sau ɗaya, sannan suka fito suna yi masa shaƙiyanci. Har gobe haka abin yake. Saurayi zai zauna ya kalli Kuch Kuch Hota Hai na 1998 tun daga farko har ƙarshe, amma in ka same shi a majalisa sai labarin Commando da Jet Li.

Mata ba su shigo kallo sosai ba sai da talbijin da bidiyo suka shiga ɗaki. Nan ne kasuwa ta juya. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, kuma cikin shekara goma kaset ɗin Hausa ya mamaye Bata da Ƙofar Wambai. Kaset abu ne na cikin gida. Maigida ya fita kasuwa ko ofis tun safe, uwargida ta aiki yaro shagon haya ya karɓo mata sabon fim, maƙwabta su taru a kalla. Dole ɗan kasuwa ya lura da wanda ke aiko da kuɗi. Wannan ɓangare na maganar furodusoshi gaskiya ne, ba na musu. Inda muka rabu da su shi ne fassarar da suka yi wa abin da matan ke nema.

A duba littattafai, domin su ne suka riga fim gane mata. Ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, daga baya aka mayar da shi fim. Labarin Rabi ne, matar da mijinta Alhaji Abdu ya kora da 'ya'ya tara bayan ya auro wata, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Ina furanni a nan? Ina rawa a bakin kogi? Abin da ke ciki shi ne kuɗin cefane, da kuɗin makaranta, da saki, da wa ke da iko da ɗaki. Wannan shi ne filin daga na macen da ke zaune a gida. Kishiya ita ce bos ɗin ƙarshe, takardar saki ita ce bindiga. Idan mace ta ƙura wa irin wannan labari ido, to abin da namiji ke nema a fim ɗin Rambo shi take nema: mai rauni da aka zalunta, ya daure, ya tashi, ya ga bayan azzalumi. Makamin ne kawai ya bambanta.

Kuma kada a manta, da yawa daga cikin waɗanda suka buɗe kasuwar littattafan soyayya maza ne. In Da So Da Ƙauna, wanda Sumayya ta faɗa rijiya don gudun auren dole, Ado Ahmad Gidan Dabino ne ya rubuta shi, kuma samari sun karance shi kamar yadda 'yan mata suka karanta. Haka nan duk mai shagon hayar littattafai zai gaya maka cewa littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini samari ne suka fi ɗauka, amma in littafin ya shiga gida, ba ya fita sai ƙanne mata sun leƙa shi.

To daga ina aka samo cewa waƙa ce kawai ke sayar da fim? Daga Sangaya. Da fim ɗin nan na kamfanin Sarauniya ya fito, da Ali Nuhu da Fati Mohammed, ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba, waƙarsa ta shiga ko'ina, har gidajen biki. Sai kowa ya ce an gano laƙanin. Aka manta cewa ƙarƙashin waƙar akwai labarin yarinya mai aiki a gidan sarauta wadda ɗan sarki ya wulaƙanta kafin ya so ta, wato labarin talaka da mai mulki. Wasila na 2000 ma haka: abin da ya sa aka yi ta muhawara a kansa cin amanar aure ne, kuma maza sun fi kowa zafi a wannan muhawara, wanda ke nuna sun kalla. Masu kwaikwayo sai suka ɗauki waƙar suka bar labarin. Aka shekara da shekaru ana ba mu saurayi ɗaya da 'yan mata biyu, ko budurwa ɗaya da samari biyu, a canza kaya sau bakwai a waƙa ɗaya, in ka yi magana a ce mata ne ke so. Gaskiya wannan raina wa mata hankali ne. An ba su abu ɗaya tilo a kasuwa, sun saya don babu wani, sannan aka kafa hujja da sayen nasu.

Su ma mazan an cuce su. Tunda an yanke hukuncin cewa ba sa kallo, sai aka daina yi musu tanadi, in ban da barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a Disambar 2014. Shi kam ya haɗa kowa, daga ɗan acaɓa har tsohuwa a ƙauye. Fim ɗin faɗa kuwa yana son kuɗi, da kayan aiki, da wanda ya iya tsara dambe a gaban kyamara. Namu na faɗa sau da yawa sai ka ga naushi ya wuce da taku guda, ƙararsa ta biyo baya. Wanda ya saba da Jackie Chan ba zai biya kuɗi ya ga wannan ba. Da masu fassara irin su Algaita suka fara juya finafinan faɗa na kudancin Indiya zuwa Hausa a shekarun 2010, sai ga samari sun yi dafifi a shagunan tura finafinai a waya. Ashe ba Hausar suka ƙi ba. Wannan kasuwa ce da 'yan fim ɗinmu suka bari da hannunsu, suka dawo suna kukan cewa fassara ta kashe musu sana'a.

Abin da ya fi rusa tsohuwar maganar shi ne zuwan finafinai masu dogon zango. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in a 2019. Shi Kwana Casa'in labarin siyasa ne zalla: gwamna, da maguɗin zaɓe, da 'yan jarida, da asibitin da ba magani. A lissafin furodusan da, wannan fim ɗin maza ne, mace ba za ta zauna masa ba. Amma shiga gidaje ka ji yadda matan aure ke fashin baƙin makircin Alfawa. A ɗaya gefen kuma ga Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020, soyayya ce tsagwaronta, amma a teburin mai shayi da garejin kanikawa an yi ta gardama kan wanda ya dace da Sumayya. Izzar So ma haka ya haɗa kowa a YouTube. Me ya canza? Halittar maza da mata dai tana nan yadda take. Abin da ya canza shi ne an ba labari lokaci ya numfasa, kuma kowa ya samu allon kallonsa a tafin hannu, ba mai leƙa shi balle ya yi masa dariya.

Duk da haka ba zan ce an zama ɗaya ba. Har yanzu gidan kallon ƙwallo na maza ne, kuma finafinan Indiya masu dogon zango na Zee World sun fi samun gindin zama a ɗakunan mata. Na lura kuma mata sun fi haƙurin bin labari mai tafiyar hawainiya, inda kallo ɗaya tsakanin suruka da matar ɗa zai ci minti biyar, su kuwa maza da yawa sai su ce a wuce wurin. Amma ko wannan ɗin, wa ya auna shi? A iya shekarun da aka yi ana cewa mata ne kasuwa, hujjar ba ta wuce abin da dillalin kaset ya faɗa wa furodusa ba, shi kuma dillali yaron da aka aiko kawai yake gani.

Yanzu kuwa akwai abin aunawa. Duk mai tasha a YouTube yana da shafin da ke nuna masa kashi nawa na masu kallonsa maza ne, nawa ne mata, da shekarunsu, da minti nawa suka yi kafin su fice. Ina kira ga manyan furodusoshinmu da su fito da waɗannan alƙaluma su ba mujallu mu buga, fim bayan fim, na soyayya da na siyasa da na barkwanci. Sai dai ko an fito da su, a karanta da lura, domin a gidaje da yawa wayar da uwargida ke kallo da ita da sunan maigida aka yi mata rajista.