Kasuwar Tsaye Ta Doha: Tsohuwa Ce Ko Sabuwa?

A birnin Doha, babban birnin ƙasar Ƙatar, akwai wata kasuwa da a ke kira Suƙ Waƙif. Ma'anar sunan da Larabci shi ne kasuwar tsaye, domin an ce a dā makiyaya su kan kawo dabbobi da ulu bakin wani rafi mai suna Mushairib, su yi ciniki a tsaye. Baƙon da ya shiga cikinta yau sai ya ga lunguna matsattsu, da bango mai yaɓen ƙasa, da tsofaffin 'yan dako suna tura baro. Lalle zai ce ta shekara ɗari biyu ba a taɓa ta ba. Ashe yawancin abin da ya ke kallo bai girmi yaro ɗan sakandare da yawa ba.

Ga yadda abin ya faru. Da can arzikin Ƙatar lu'ulu'u ne da a ke nitso cikin teku a ɗebo. Wajen 1930 cinikin ya faɗi, sabo da mutanen Japan sun gano dabarar kiwon lu'ulu'u. Sa'an nan aka sami man fetur, aka fara fitar da shi a 1949. Da kuɗi suka shigo sai aka shiga ginin siminti da rufin kwano, masu hali suka koma manyan kantuna, kasuwar ta lalace. A 2003 gobara ta ci wani sashe nata. Sarkin lokacin, Hamad bin Khalifa, ya sa a gyara ta, wani mai zane ɗan ƙasar, Muhammad Ali Abdullah, ya tsara fasalin aikin. Aka rushe sababbin gine-gine, aka cire kwano, aka mai da rufin azara da gora da laka.

To, yabon gwani ya zama dole. Rufin laka ya fi kwano sanyi a ƙasar da rana ke dafa mutum, kuma lungu matsattse ya kan ba da inuwa. Abin da ya fi wannan, ba a kori ciniki ba. Har yanzu ana sayar da kayan yaji, da turaren wuta, da yadi, da tukwane. Akwai layin masu sayar da shaho, har da asibitin da a ke duba lafiyarsa. Lokacin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a 2022, nan baƙi suka yi ta taruwa da dare, ba su tafi dogayen benaye ba.

Amma fa kama da wane ba wane ba ne. Laifin aikin na farko shi ne an zaɓi zamani guda aka ce shi kaɗai ne tarihi. Rumfar siminti da ɗan kasuwa ya gina da kuɗin fetur na fari ita ma shaida ce ta yadda mutanen garin suka rayu, ga shi an share ta don ba ta da kyan gani. Na biyu, an kwaikwayi tsufa har ido ba ya rarrabe bangon asali da na jiya, watau mai neman ilmi sai ya ruɗe. Na uku, gidajen abinci da masaukan baƙi sun cika babban layin, ga kuma gunkin wani ƙaton babban yatsa mai ruwan zinariya, aikin wani Bafaranshe, da aka kafa a 2019. Me ya haɗa makiyayi da wannan?

Duk da haka laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ta ke, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Lokacin da fatake ke sauke kaya a Kurmi daga Tarabulus, ba a ko san sunan Doha ba. Tsufanta ba na aro ba ne. Amma siminti da kwano suna ta cin ginin ƙasa a cikin birni, badala kuwa tana zubewa ana gini a kanta.

Mutanen Doha sai da wuta ta ci suka san darajar abinsu, dole suka sayi tsufa da kuɗi. Kanawa nasu yana tsaye tukuna. In za a gyara, a tallafi tsohon bango a inda ya ke, a bar sabon ya nuna kansa sabo ne, a kuma bar dukawa da maƙera a rumfunansu, gama su ne kasuwar.