Kaka a Aji da Kaka a Gona: Tarken Ayyukan Yara a Makarantun Nazare na Kirista

A wannan fasali za a duba ayyukan da ake ba yara 'yan shekara uku zuwa biyar a zangon karatu na farko, wato daga watan Satumba zuwa tsakiyar Disamba, a makarantun nazare na Kirista, sannan a auna su da yadda kaka take a Garbadu ta Ƙaramar Hukumar Talatar Mafara, da sauran garuruwan ƙasar Bakura da Maradun. Garbadu gari ne na Musulmi manoma, su kuwa irin waɗannan makarantu an fi samun su a manyan garuruwa kamar Gusau, inda ma'aikata da 'yan kasuwa daga wasu sassan ƙasa suka zauna. An ɗauki Garbadu ne a matsayin ma'auni, domin kakar da ake gani a can ita ce kakar da yaron da ke cikin ajin yake rayuwa a cikinta, ko da kuwa iyayensa ba su taɓa riƙa fartanya ba. Ƙurar da yake shaƙa ta wannan ƙasa ce, haka ma hatsin da ake awo a gidansu. Bugu da ƙari, ba 'ya'yan Kirista kaɗai ke zuwa waɗannan makarantu ba, akwai Musulmi da ke kai nasu.

Da farko ya kamata a ba tsarin haƙƙinsa. Ɗaura karatun ƙananan yara a kan yanayin shekara dabara ce mai kyau, kuma tsohuwa ce. Bajamushen nan Friedrich Froebel, wanda a 1840 ya raɗa wa makarantarsa sunan da ke nufin lambun yara, ya kafa koyarwarsa ne a kan cewa yaro ya fi koyo daga wasa da abin da hannunsa ya taɓa. A Amurka da Ingila an ɗora wannan ra'ayi a kan yanayinsu. Idan Satumba ta kama, rana takan fara gajarcewa, ganyen itatuwa ya rikiɗe zuwa ja da rawaya ya zube. Sai malama ta fita da yara su tsinto ganyen, su liƙa a takarda, su ƙirga tuffa, su zana kabewa. A makarantar coci kuma sai a haɗa wannan da darasin gode wa Allah da ya ba da amfanin gona. Daga nan a shiga bikin godiya na Amurka, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba da naman talotalo, sai kuma Kirsimeti da ƙanƙararta. A can duk abin da ke jikin allo yana bakin ƙofar aji.

Matsalar ta taso ne lokacin da aka ɗauko kayan aka baro dalilin. Littattafan zane da ake sayarwa, da takardun aikin da malamai ke saukewa daga intanet, mafi yawansu an tsara su ne don yaran ƙasashen sanyi. Da yake lokacin zubar ganye na Turawa ya yi daidai da watannin girbi a nan, sai aka saba fassara shi da kaka, kamar abu ɗaya ne. To amma ba ɗaya ba ne. Bature ya kasa shekararsa ne bisa sanyi da zafi da tsawon yini. Shi kuwa Bahaushe ruwan sama da aikin gona ya duba ya ce bazara, damina, kaka, rani. Ke nan kaka suna ne na aiki da wadata kafin ta zama sunan yanayi. Wanda ya ce kaka ta yi yana nufin hatsi ya nuna, farashi ya sauka, an samu abin biyan bashi da na yin aure.

Babu inda wannan saɓani ya fi fitowa fili kamar a batun ganye. Gaskiya ne kuka takan zubar da ganyenta idan ruwa ya ɗauke, amma ba ta yin ja irin na littafi, kuma mata ba su jira ya zube, tsinkarsa ake yi a shanya don miya. Gawo kuwa, wanda ke tsaye a tsakiyar gonaki da yawa na wannan yanki, akasin darasin yake yi gaba ɗaya. Da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, idan ruwa ya ɗauke sai ya yi kore shar. Wannan hali nasa ne ya sa manomi bai cika sare shi ba, domin ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Yaron da aka sa ya haddace cewa da kaka itatuwa suke zubar da ganye, da ya fito sai ya ga gawo yana ƙaryata malamarsa. Ɗan shekara huɗu ba zai yi gardama ba. Abin da zai ɗauka shi ne, maganar aji daban, abin da ido ke gani daban, kuma ta aji ce ake ba maki a kanta. A ganin wannan nazari, wannan ita ce babbar illar tsarin, ta ma fi rashin sanin sunan itace muni.

Idan aka koma ga kakar Garbadu za a tarar ba kayan aiki ne suka yi ƙaranci ba. Gero ne ke fara nuna, tun ruwa bai gama ɗaukewa ba, yara su gasa tumu su murje su ci. Daga baya a cire gyaɗa, a roro wake, a tara harawa a bisa itace ko rufin ɗaki, dawa kuma ita ce ta ƙarshe, sai sanyi ya fara busawa. Ana ɗaure dami, a ɗora wa jaki ko amalanke, a jera a rumbu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan darasi ne na ƙidaya da launi da girma da ƙanƙanta. Zangarniyar gero da ta dawa sun isa koyar da bambancin siffa, jar dawa da fara sun isa koyar da launi. Kabewa ma, wadda littafin ke zanawa da idanu da haƙora, 'yar gida ce, da ita ake miyar taushe. Abin da ya fi ban takaici shi ne batun kara. Tun kafin a san takardar liƙe-liƙe, yaran Hausawa suna fere kara su haɗa ɓawonsa da totuwarsa su ƙera mota da gilashi da gadon 'yar tsana, ba tare da wani ya koya musu a aji ba. Wannan shi ne ainihin wasan hannun da Froebel yake nufi, ga shi kyauta a bayan kowane gida, amma makaranta takan sa iyaye su sayo takarda mai launi a yanka ta siffar ganyen itacen da babu shi a ƙasar.

Wani abin lura kuma shi ne, littafin addinin makarantar ya fi kusa da Garbadu fiye da hotunan da ake rataye a bango. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma labaran girbin da ke cikinsa na ƙasa mai zafi ne da ƙarancin ruwa. Labarin Rut labari ne na kala, wato bin bayan masu girbi a tsinci abin da suka bari, aikin da mata da yara suke yi a nan a gonar gyaɗa ko ta dawa. Labarin Yusufu na shekaru bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa labarin rumbu ne, kuma yaron Musulmi da ke ajin zai same shi a Alƙur'ani, inda ma aka ambaci barin hatsi a zangarniyarsa, kamar dai yadda ake ajiyar dami. Hatta kalmar zakka duk ɓangarorin biyu suna amfani da ita. Manomi Musulmi yakan fitar da ɗaya cikin goma na abin da ya noma da ruwan sama idan ya kai nisabi, Kirista mai jin Hausa kuma yana maganar zakka da baiko. Ikilisiyoyi a Nijeriya suna da nasu bikin godiya na kaka, inda ake kawo amfanin gona coci. Wannan al'ada, wadda ake danganta farfaɗo da ita a Ingila ga wani limami Robert Hawker a 1843, ta zauna daram a nan saboda ta tarar da manoma. Saboda haka babu hujjar koya wa yaro godiya ta hanyar talotalon Amurka, wanda tarihinsa na baƙin Turawa ne da suka sauka a can a 1620.

Haka lamarin yake a Kirsimeti. Labarin kansa na makiyaya ne da ke kwana a daji da garkensu, da jariri a komin dabbobi. A watan Disamba ne kuwa aka saba ganin Fulani sun sauko gonakin da aka girbe, shanu su ci kara da karmami su bar taki. Yaro ya san sanyin hunturu da hazo da jin wuta da asuba da kaushi a ƙafa. Ƙanƙara mai rufe gari ce bai sani ba, sai kuma ga shi ana liƙa masa auduga a takarda a ce ita ce. Game da bikin dodanni na daren 31 ga Oktoba ba sai an tsawaita ba, domin makarantun coci da yawa ko a Amurka sukan ƙaurace masa, su yi bikin girbi a madadinsa. Idan shigar ban dariya ake so, yaran wannan ƙasa suna da tashe, sai dai shi na watan azumi ne, kuma da yake watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ba a iya ɗaure shi ga kaka kamar yadda Kirsimeti ta ɗauru ga 25 ga Disamba.

Makarantar allo ba ta da darasin kaka ko ɗaya, amma kaka ce ke juya ta. Da damina almajirai suna gonar malam ko ta iyayensu, da kaka iyaye su kai wa malam damin hatsi, bayan girbi kuma wasu malamai su tashi da yara zuwa ci-rani. Wato ita tana cikin kaka ba ta karantar da ita, nazare kuwa tana karantar da kakar da ba ta ciki.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa malama laifin duka. Iyaye da dama suna biyan kuɗi ne don yaro ya dawo gida da Turanci da abin da bai yi kama da na ƙauye ba, kuma mai makaranta ya san haka. Idan yaro ya dawo da motar kara, wani uban zai tambaya ko kuɗin me ya biya. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, da gyare-gyarenta na baya, ta tanadi a koyar da yaran wannan mataki da harshen uwa ko na al'ummar da ke kewaye, amma makarantun kuɗi ba su cika bin wannan ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa tanadin zuwa dukkan shekarun firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya bayyana soke shi da komawa ga Turanci. Duk da haka, batun harshe daban, batun kayan aiki daban. Ana iya ɗaga zangarniyar dawa a faɗi sunanta da Turanci. Akwai kuma wahalar da mai son gyara zai tarar, domin wasu bukukuwan kaka na gargajiya, kamar kalankuwa, sun ja baya ƙwarai, kuma malaman addinan biyu ba su cika maraba da abin da ke tattare da su na kiɗa da cuɗanyar samari da 'yan mata ba. Ba duk abin da ke dandali ne zai shiga aji ba. Tatsuniya da kacici-kacici da gaɗa da langa dai babu abin da zai hana su.

Ya kamata kuma a kiyaye kada a gudu daga hoton ƙarya na Amurka a faɗa hoton ƙarya na gida. Kakar wannan yanki ba ɗaya ba ce. Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, noman rani ya sa wasu manoman Talatar Mafara da Bakura da Maradun suna girbin shinkafa da kayan lambu a lokacin da tsohon lissafi ke cewa rani ne. Kuma ba kullum kaka take zuwa da murna ba. A 1980 manoman Bakolori sun tayar da bore kan gonakinsu da aikin ya ci, aka murƙushe su da asarar rayuka. A 'yan shekarun nan kuwa, a sassa da dama na Jihar Zamfara, manoma sun biya 'yan bindiga haraji kafin a bar su su girbe abin da suka shuka, wasu ma sun bar gonakin gaba ɗaya. Makaranta ita ma ba ta tsira ba. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai mata daga makarantar sakandare ta Jangebe a cikin wannan ƙaramar hukuma, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka sace wasu fiye da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnatin jiha ta rufe makarantu, daidai lokacin da gero ke nuna.

A irin wannan hali, shawarar a fita da yara gona su ga girbi da idonsu, wadda ita ce ginshiƙin darasin a ƙasashen da ya fito, ba mai sauƙin bayarwa ba ce, kuma malamar da ta ƙi yin haka tana da gaskiya. Abin da ya rage a hannunta shi ne ta kawo gonar cikin aji: dami ɗaya na gero, ƙwaryar gyaɗa, 'yan karare, da reshen gawo guda. A cikin yaran da za su zauna kewaye da waɗannan kaya akwai mai yiwuwa a samu wanda iyayensa suka baro ƙauye ba da son ransu ba, wanda zai iya gaya wa sauran yadda ake gasa tumu, da kuma dalilin da ya sa bana ba su gasa ba.